Hutu ya ƙarato, wane aikin Allah za mu yi wa garinmu?

Ɗan Gabas (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. Ga maganar da muka fara a ƙofar masallaci na kawo ta zaure don kowa ya sa baki. Mu 'yan garin nan da ke karatu a Dutse da Kafin Hausa da Wudil da Kano mun kai mutum 24 in an haɗa da 'yan'uwanmu mata. A makaranta yawancinmu muna cikin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, muna zuwa duba marasa lafiya, muna share masallaci, muna tara wa marayu. Amma da mun sauka a tasha da jakunkunanmu sai komai ya tsaya, sai zaman majalisa da gidan kallon ƙwallo har hutu ya ƙare. Wannan abu yana cin raina. Mutanen da suka sayar da akuya da buhun shinkafa suka biya mana kuɗin rajista su suka fi cancanta da gumin jikinmu. Wasu sun ce mu yi karo-karo mu sayi shinkafa da sabulu mu raba wa zawarawa da marayu. Ban ƙi ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina neman shawararku.

Ɗan Wudil:
Wa alaikumus salam shugaba. Ni na kawo shawarar rabon, kuma ina nan a kanta. Kowa ya ba da 2,000, mu buga riguna iri ɗaya, mu yi kyalle mai sunanmu, mu ɗauki hotuna mu sa a Facebook. Masu hali 'yan garin nan da ke Kano da Abuja in sun ga mun motsa za su turo nasu. Haka sauran garuruwa suke yi.

Malamin Firamare:
Ɗana, lissafa mini. Mutum 24 sau 2,000 nawa ke nan? 48,000. Ka cire kuɗin riguna da kyalle, me ya rage? Gida nawa za ka ba mudu ɗai-ɗai? Kuma ka tuna garin manoman shinkafa ne, yanzu aka gama kaka. Matar da za ka kai wa mudu biyu ita ce ta yi wa mutane sussuka da shiƙa aka biya ta da kwano biyar. Ba raina niyyarku nake ba, Allah ya ba ku ladanta. Amma ku kawo abin da ku kaɗai kuke da shi. Shinkafa kowa yana da ita, karatun da ke kanku kuwa ba kowa ba.

Tsohon Ɗalibi:
Bari in faɗi abin da wasu ke jin nauyin faɗa. Shekara uku ke nan da na gama bautar ƙasa, har yau ban samu aiki ba, gonar mahaifina nake. Yaran nan da kuke cewa su yi aikin sa kai, wasunsu da garin kwaki da ƙuli suke kwana a makaranta. Hutun nan shi ne damarsu ta yin ƙwadago a fadama su tara kuɗin komawa. Na biyu, mun taɓa kafa irin wannan ƙungiya a zamaninmu. Da zaɓe ya matso wani ɗan takara ya ba mu kujeru da lasifika, kafin wata biyu mun rabu gida biyu, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa. Ba hana ku nake ba, tsoro nake ji muku.

Ɗan Gabas:
Yaya, maganarka ta shige ni, musamman ta ƙwadago. Ba za mu ɗora wa kowa abin da zai hana shi neman kuɗin makaranta ba. Amma ka tuna 2022. Yajin aikin ASUU ya zaunar da mu a gida tun daga Fabrairu har Oktoba, sai ga ambaliya ta zo ta cinye gonaki daga Ringim har Auyo da Haɗeja. Wa ya kwana a bakin jinga yana cika buhu da ƙasa? Da kai aka yi, na gan ka da idona ruwa har ƙugu. Babu wanda ya biya mu, babu riga, babu kyalle. A ranakun nan na san ashe muna da amfani.

Tsohon Ɗalibi:
Haka ne ƙanena. Wannan kam ba zan musa ba. Amma ranar ruwa ne ya tilasta mu. Abin da nake tambaya, me zai riƙe ku ranar da babu ruwa a ƙofar gida?

Na'ibin Liman:
Tambayar nan ita ce gindin maganar. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. To ku auna shawarwarinku da wannan ma'auni. Rabon yini ɗaya yana da lada, amma washegari ya wuce. Ku nemi aikin da in kun koma makaranta zai ci gaba da numfashi, in kun dawo ku tarar da shi. Sannan kafin ku yanke komai ku je ku gaida Mai Gari da Liman ku tambaye su abin da ya fi damun jama'a. Kada ku zo da amsa a aljihu alhali ba ku ji tambayar ba.

Ɗalibar Jinya:
Malam, Allah ya saka da alheri. In an ba ni dama ina da abin da ya daɗe yana hana ni barci. A watannin da na yi ina koyon aiki a ɗakin haihuwa, abin da na fi gani yana kashe mata daga ƙauyuka irin namu shi ne zubar jini. Za a kawo mace da tsakar dare a bayan mota, an riga an ɓata sa'o'i a gida, jikinta ya yi fari fat. A ce a kawo masu ba da jini. Mijin ya fita yana buga waya, wanda ya zo jininsa bai dace ba, wanda ya dace kuma tsoro yake ji wai in an ɗebi jininsa ƙarfinsa ba zai dawo ba. Akwai wadda na riƙe hannunta har ta cika muna jiran leda ɗaya. Ba zan manta da ita ba.

Abin da nake so mu yi ba ya cin kuɗi sosai. Duk wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma lafiyarsa ƙalau, ya je asibiti a gwada rukunin jininsa. Mu rubuta suna da rukuni da lambar waya a littafi guda, kwafi ɗaya wajen ma'aikacin asibitin garinmu, ɗaya wajen Mai Gari. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, jiki yana mayar da ita, kuma namiji zai iya sake bayarwa bayan wata uku. Kafin a ɗiba sai an gwada mutum an tabbatar yana da isasshen jini kuma ba ya ɗauke da ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Ku tuna daren da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, aka riƙa kwasar waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Irin wannan rana ba ta sallama kafin ta zo.

Malamin Firamare:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Sai dai ɗalibai wata tara suna makaranta. In haihuwa ta zo da gardama a watan da ba ku nan fa?

Ɗalibar Jinya:
Shi ya sa littafin ba na ɗalibai kaɗai ba ne, Baba. Mu za mu fara miƙa hannu a gaban jama'a don tsoron ya fita, sannan mu bi samarin gari, masu acaɓa, masunta, 'yan agajin Izala da na Fityanu da na Jama'atu. Su kullum suna nan. In Liman ya ce kalma ɗaya a huɗuba cewa ba da jini ceton rai ne, ya fi mu yi wata muna yawo. Abu ɗaya nake roƙo: kada wani ya ce mu sayo magunguna mu raba kamar yadda na ga wasu suna yi. Ɗalibi ba likita ba ne. Za mu iya auna hawan jini in da ma'aikacin lafiya a tsaye tare da mu, mu tura wanda ya kamata asibiti, iyakarmu ke nan.

Na'ibin Liman:
Maganar huɗuba ki bar ta a hannuna, zan kai wa Liman da kaina.

Ɗan Gabas:
Kawu na Bakin Kogi ya turo saƙon murya, ya ce in rubuta wa waɗanda wayarsu ba ta buɗewa. Ga abin da ya ce:

"Ku gaya wa yaran nan na ji daɗi da suka tuna da gida. Ni ban yi boko ba, amma shekarata 50 ina cikin ruwan nan. Da can kogi yakan cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawa ta mutu. Tun da aka yi dam ɗin Tiga, daga baya aka ƙara na Challawa, ruwa bai ƙara yankewa sarai ba, sai doguwar ciyawar ruwan nan, kachalla, ta samu wurin zama. Yanzu ta toshe hanyoyin ruwa, in ruwa ya zo bai ga hanya ba sai ya faɗa gonaki da gidaje. Wani wurin kuma da yake samun ruwa da, yanzu ko ɗigo ba ya kai masa. A cikinta tsuntsun jan-baki yake kwana, da asuba ya tashi kamar hadari ya sauka a kan shinkafa da gero. Ga sauro. Ga yaranmu da ke wanka a ruwan da ya kwanta suna fitsarin jini.

"Mu da kanmu muke gayya duk shekara da lauje da adda da kwale-kwale. Ba a sama ake saran ta ba, a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta don ta shaƙe ta ruɓe, in ka sare ta a sama sati biyu ta dawo. Amma mu mun tsufa, samari kuma sun tafi cirani. In 'yan makaranta za su ba mu Asabar biyu kacal, mu za mu shiga zurfi, su su tsaya a gefe suna janyo abin da muka yanka suna tarawa a tudu. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa, ban yarda ba. Kuma su da suka iya rubutu su rubuta mana takarda zuwa hukuma da sunan gari, a nuna inda ya toshe, don akwai wurin da hannu ba zai iya ba sai inji."

Ɗan Wudil:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Injiniyancin ruwa nake karanta amma wallahi ban taɓa jin an yi mini bayanin kogin garinmu haka ba. Takardar ni zan rubuta, zan bi shi a kwale-kwale in ɗauki wuraren da waya in sa alama a taswira. To amma kun ga maganata ta hoto ta dawo ke nan. Ba hoto, wa zai yarda?

Malamar Islamiyya:
Ɗana, hoton kachalla daban, hoton fuskar mutum daban. Bara wasu baƙi sun zo da kayan azumi, suka jera zawarawa a rana, kowace ta riƙe leda a ƙirji aka ɗauke ta. Ɗaya daga cikinsu ɗalibata ce a ajin matan aure. Ɗanta da ke Legas ya ga hoton a waya ya kira ta yana kuka, wai an nuna wa duniya ya kasa ciyar da uwarsa. Sati uku ba ta zo makaranta ba don kunya. Allah ya ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Wanda ya ɗauki hoton bai yi nufin cuta ba, amma ta cutu.

Ɗan Wudil:
Gwaggo, na ji, kuma abin ya taɓa ni. Amma ai a Baƙara ɗin dai Allah ya ce in kun bayyana sadaka to madalla da ita. Wani ba ya motsawa sai ya ga wani ya yi. Ni kaina ganin hoton abokaina suna ba da jini a makaranta ya sa na fara bayarwa.

Na'ibin Liman:
Ka kawo rabin ayar, ɗana, ƙarashenta ya ce in kun ɓoye ta kuka ba matalauta shi ya fi muku alheri. Dukkanku kuna da hujja. Abin da nake gani, a bayyana aikin, a rufe wanda aka yi wa. Ku ɗauki kanku kuna janyo kachalla, ku ɗauki hannunku ana ɗibar jini in kuna so. Amma fuskar mabuƙaci amana ce. Riya kuwa ba a kyamara take ba, a zuciya take, kowa ya binciki tasa kafin ya danna turawa.

Ɗan Wudil:
Na karɓa Malam. Riguna ma na janye.

Malamin Firamare:
To ni ga tawa buƙatar, tun ɗazu nake jira. Yaranmu da suka gama sakandare suna faɗuwa JAMB ba don duk ba su da ƙoƙari ba. Yaro bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. An ba shi awa biyu, tambaya 180, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40, shi kuwa rabin awa ya tafi yana kokawa da linzamin kwamfuta hannunsa na rawa. Alhali da an nuna masa zai iya amsawa da haruffan A, B, C, D, ya danna N ya wuce gaba, P ya dawo baya, da hankalinsa ya kwanta. Wasu tun a rajista suke faɗuwa: sunan da ke kan NIN daban, na takardar makaranta daban, ko a yi amfani da layin wayar wani, daga baya layin ya ɓata. Ku da kuka bi ta wannan hanya kun san ramukanta. Ku kawo laftof uku ko huɗu, zan roƙi hedimasta ya ba mu aji bayan la'asar, caji kuma akwai sola a masallacin Juma'a.

Ɗan Gabas:
Wannan kam Baba ko gobe. Ni zan ɗauki lissafi da fizis.

Malamar Islamiyya:
A ware wa 'yan mata nasu lokacin, kuma mata su koyar da su, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba, kun san garinmu. Da safe bayan an gama aikin gida, a makarantarmu, ni zan zauna tare da su. Akwai yarinya uku da na san kansu yana ja, iyayensu suna jiran su ga wata 'yar garin da ta je jami'a ta dawo da mutuncinta kafin su saki nasu. Ganin 'yan'uwanku mata a gaban allo zai yi abin da wa'azina na shekara bai yi ba.

Ɗan Maƙwabta:
Salama gare ku. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Kun san ni Kirista ne, mahaifina aikin asibiti ya kawo shi garin nan, a nan aka haife ni, a nan na yi firamare wajen Baba Malam. A makaranta ina cikin ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, mu ma muna zuwa gidan marayu da gidan yari. In aikin na MSSN ne kaɗai zan yi muku addu'a daga gefe. In na gari ne, Turanci nake karanta, ina so a ba ni ajin Turanci. Jinina kuma O ne, a rubuta ni a littafin.

Na'ibin Liman:
Ɗana, maƙwabci yana da haƙƙi a addininmu, kai kuwa ka wuce maƙwabci, ɗan gari ne kai. Mahaifinka ya yi wa rabin garin nan allura. Aikin na gari ne. Kuma ina jan kunnen kowa, kada a sa masa sunan wata ƙungiya, ko ta ɗarika ko ta Izala. Kowa ya zo da niyyarsa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Malamin Firamare:
Ajin Turanci naka ne. Tun kana aji huɗu kake gyara wa 'yan ajinku rubutu.

Tsohon Ɗalibi:
Na ga magana ta yi daɗi, kowa yana ɗaukar aiki. Ku yi haƙuri in sake dawo da ku baya. Jini, kachalla, darasi, takarda, abu huɗu ke nan a hutun sati uku, ga masu zuwa IVC, taron hutu na MSSN, a Disamba za su ɗauke kwanaki. Haka muka fara mu ma, da zafi. Sannan ba wanda ya amsa mini maganar 'yan siyasa. Ranar da aka ga aji ya cika da yara, wani zai aiko da buhun alli da katan ɗin littafi mai hotonsa a bango. Za ku karɓa ko za ku mayar? In kun mayar kun yi abokin gaba, in kun karɓa kun zama nasa.

Ɗalibar Jinya:
Yaya, ni a ganina duk abin da aka kawo a kai wa Mai Gari, shi ya karɓa da sunan gari, kada ya bi ta hannunmu. Mai hoto kuwa a ce an gode.

Tsohon Ɗalibi:
Faɗa da baki yana da sauƙi ƙanwata. Wanda zai aiko ɗin ƙanin mahaifin wani ne a cikin zauren nan.

Ɗan Gabas:
Gaskiya ne Yaya, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da kai yau. Abin da zan iya cewa, in ba mu riƙe kuɗi ba, abin da za a saye mu da shi ya ragu. Babu asusu, babu ma'aji. Alli Baba Malam zai kawo, laftof namu ne, lauje na su Kawu ne, kuɗin motar zuwa gwajin jini kowa ya biya wa kansa, wanda ba shi da shi ya gaya mini a ɓoye. Mai zuwa ƙwadago ya je abinsa da safe, la'asar kawai muke so, ita ma kwana uku a sati. Roƙona ɗaya gare ka. Mu za mu koma makaranta, kai kana gari. Littafin jini da ajin yaran nan suna buƙatar wanda zai riƙe su har JAMB ta zo. Kai ka ga inda naku ya karye, ka fi mu sanin inda za a tokare.

Tsohon Ɗalibi:
Ka ɗaure ni da jijiyata. Littafin zan riƙe, wayata ba ta mutuwa da dare. Ajin kuma ba zan yi alkawarin kwana uku ba saboda ban-ruwan albasa ya kama, amma Alhamis da Juma'a zan iya. Sharaɗina, ranar da na ga hoton ɗan takara a ajin nan zan ajiye muku allinku.

Malamin Firamare:
Ni ma ranar zan rufe ajin da hannuna.

Ɗan Gabas:
To Alhamdu lillahi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ni da Malam Na'ibi da Yaya za mu je gaida Mai Gari mu shimfiɗa masa duka, abin da ya ce a fara da shi da shi za a fara. Gwaggo, don Allah ki sanar da iyayen 'yan matan. Masu laftof su rubuta sunansu a ƙasa. Kawu ya sake turo murya yanzu, ya ce wanda zai shiga kachalla ya zo da tsohon wando mai kauri da takalmin roba, ganyenta yana yanka, kuma a karya kumallo tun daga gida don da sanyin safiya za a fara.

Ɗan Wudil:
Laftof ɗaya a nan. Batirinta awa ɗaya yake yi, a ajiye ni kusa da soket.